Makon Sharar Frau Dengler da Kifayen Yayanta

Akwai wata dattijuwa a gidan da nake haya, nan ƙauyenmu na ƙasar Schwaben a kudancin Jamus, ana ce da ita Frau Dengler, wato Malama Dengler a Jamusance. Sunanta Waltraud, amma in ban da yayanta ban san wanda ya isa ya kira ta da shi ba. Shekarunta sittin da shida, kuma a shekara ashirin da na yi cikin mutanen nan ban ga mai tsaftarta ba. Tsaftar har ta zame mata ciwo, mu kuma maƙwabta ta zame mana jarrabawa.

Iyali shida ne a gidan, shara kuma zagayawa take. Duk wanda ya wayi gari ya ga ɗan allon katako rataye a ƙofarsa, ya san makonsa ne: matakala, tsakar gida da bakin titi, ranar Asabar kafin azahar. Mu muna yi ne don kada a yi da mu. Ita kuwa sai ta bi bayan mai mako, ta shafa yatsa a ƙarfen matakala, ta ɗaga ta duba a haske, ta wuce ba ta ce uffan ba. Wallahi gara ta zage ka.

Wanda ta fi sa wa ido shi ne Herr Renz, wato Malam Renz, na ɗakin ƙasa, tsohon direban bas da ya yi ritaya. Shi in makonsa ya zo ba ya taɓa tiyo. Tsintsiya kawai, sai wata tsohuwar wuƙa da yake kankare ciyawa da ita a tsakanin duwatsun daɓe. Yana da ganga biyu a ƙarƙashin indararo, da ruwansu yake ba tumatirinsa. Motarsa ko ta yi butu-butu ba ya wanke ta a ƙofar gida, sai ya kai ta wurin wankin mota.

Wata Asabar ina saukowa na tarar ta tsare shi a tsakar gida.

"Herr Renz, an gama sharar ke nan, ko hutu aka tafi?"

"An gama, Frau Dengler."

"To wannan koren da ke kwance a ƙasa fa? Kiwonsa kake mu yi miya?"

Ya yi dariya. "Gansakuka ce, ba ta cizo. Ni ba na son zuba magani a nan, don duk abin da ya taɓa daɓen nan, in aka yi ruwa..."

"Shekara arba'in ina zubar da ruwan bokiti a kwatar titi a birni," ta katse shi, "ban ji kifi ya kai ƙarata ba. Lalaci dai a kira shi lalaci."

Ta haye sama abinta, ta bar shi da sauran maganar a baki.

Da ta tsaya, ga abin da za ta ji. A tsohuwar unguwar da ta zauna a birni, bututu ɗaya ne ke kwashe ruwan bayi da ruwan titi, duka ya kai matatar ruwa. Unguwarmu sabuwa ce, bututunta biyu. Na cikin gida shi ke zuwa matata. Na tsakar gida da na titi kuwa, kai-tsaye yake gangarawa cikin ƙoramar da ke gindin ƙauye, babu mai tace shi. Shekararta biyu da dawowa ƙauyen, ba ta taɓa tambaya ba, don ita a ganinta babu abin da ya rage ta koya game da ruwa da bokiti.

A bakin wannan ƙoramar yayanta Ottmar ke da tafkunan kifi guda uku, a jere kamar matakala. Ruwa na shigowa daga ƙorama zuwa na sama, ya zuba a na tsakiya, ya zuba a na ƙasa. Ba kifin sayarwa ba ne. Irin kifin ƙoramar ne na asali, mai jajayen ɗigo a gefe, wanda ya kusa ƙarewa. Tun rasuwar matarsa, shekara goma sha ɗaya, Ottmar ba shi da aikin da ya wuce su. A tafkin sama akwai iyaye arba'in da ɗaya, a sauran biyun kuma 'ya'yansu da yake saki cikin ƙorama duk bazara.

A ƙarshen watan Yuni aka kwantar da Ottmar a asibitin gundumar don aikin ƙugu. Kafin ya tafi ya damƙa wa ƙanwarsa amanar kifin.

"Traudel," ya ce, don haka yake kiranta tun suna yara, "abinci safe da yamma. Kuma kada ki rufe musu ruwa a zafin nan. Awa ɗaya ba ruwa mai gudu, sai su fara shaƙewa."

"Yaya, ni za ka koya wa kula da abu? Je ka a gyara maka ƙafa."

A wannan makon ne allo ya zo ƙofarta.

Ranar Asabar da hantsi ta fito da jarkar maganin kashe gansakuka. A jikin jarkar an rubuta cewa kada a zuba in ana sa ran ruwan sama, kada kuma ya kusanci rafi, don guba ne ga kifi. Ba ta karanta ba. Ta ma ninka awon da aka ce, saboda koren Herr Renz ya daɗe yana ci mata rai. Ta bi tsakar gidan kaf da butar ban ruwa, lungu da saƙo. Abin da ya rage a bokiti ta juye shi a kwatar da ke tsakiyar gidan, ta ɗauraye bokitin ta ƙara.

Ta hau sama ta ci abincin rana cikin jin daɗi, tana leƙo daɓen ta taga.

Ƙarfe biyu saura kwata Herr Renz ya dawo daga kasuwa a kan kekensa. Tun daga bakin gida warin ya doki hancinsa. Ya ga jarkar a jingine, ya ɗauka ya karanta. Sannan ya ɗaga kai ya dubi yamma, inda hadari ya haɗo baƙi ƙirin a bayan tsauni. Mutumin da ban taɓa ganin ya yi sauri ba, ranar da bibbiyu ya riƙa taka matakala.

"Frau Dengler! Nawa kika zuba?"

"Sannu da zuwa dai ake fara cewa. Jarka guda. Gobe ka ga yadda daɓe yake in ya samu mai shi."

"Sauran fa?"

"Na juye a kwata. Ina kake so in kai shi, ɗakina?"

"Kwatar nan ba matata take zuwa ba. Kin san bakin bututun nan na ƙarƙashin gadar katako, wanda kike wucewa kullum in za ki ba kifi abinci?"

Ta ƙura masa ido, ya ci gaba.

"Shi ne ƙarshenta. Daga shi zuwa mashigar tafkin Herr Ottmar bai kai taku ɗari biyu ba."

Ta san bututun. Ta sha ganin kumfa na fita daga bakinsa, ta tsaya tana tsine wa ƙazamai. Ta dafa ƙofa. A daidai lokacin aka yi tsawa ta farko, can nesa.

Herr Renz ya ciro waya. "Bari in kira 'yan kwana-kwana. Suna da abin toshe bututu, suna da injin da zai ba kifin iska in an rufe ruwan. Layi biyu ne tsakaninmu da su."

Ta cafke hannunsa.

Ku fahimci abin da ta hango. 'Yan kwana-kwanan ƙauyenmu 'yan sa-kai ne: ɗan mahauci, mai gidan burodi, mijin matar da ke raira waƙa kusa da ita a coci. In jiniya ta tashi, kafin la'asar babu gidan da ba za a ji ba cewa Frau Dengler, uwar tsafta, ita ta zuba guba a ƙorama.

"Don Allah, Herr Renz. Kada ka kira. Mu biyu za mu iya. Ruwan ma wataƙila ya wuce ta gefe."

"Ba zai wuce ba. Dubi bishiyoyi."

"Na roƙe ka. Ban taɓa roƙonka komai ba."

A nan kam ina ganin laifin Herr Renz, kuma na faɗa masa a gabansa. Haƙurinsa ya yi yawa. Ya dubi idon tsohuwar da ta shekara biyu tana yi masa gori, ya ga tsoro a ciki, sai ya mayar da wayar aljihu.

Suka sauka da gudu. Ya ɗaga murfin kwatar da ƙyar, ya riƙa kwaso abin da ya taru a gindinta da gwangwani yana juyewa a tsohuwar ganga. Ita kuma ta jawo tamfol ɗin da ake rufe itace da shi. Suka shimfiɗa a bakin kwatar, suka danne da buhunan ƙasar shuka da bulo. Kowane minti sai ta ɗaga kai ta dubi sama. Iska ta fara kaɗa ƙofofin baranda.

"Zai riƙe ko?" ta tambaya.

"Ban sani ba."

"Ka ce zai riƙe mana!"

"Frau Dengler, ni direba ne. Ban sani ba."

Ƙarfe biyu da minti ashirin da biyar ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Tamfol ya riƙe, amma tsakar gidan ta cika cikin ɗan lokaci, da wani farin kumfa a samanta. Ruwan ya nemi hanya, ya samu. Ya bi ta ƙarƙashin ƙofar shiga, ya gangara titi, ya faɗa kwatar da ke bakin layi. Suna tsaye suna kallo, babu abin da za su iya.

Sai a lokacin ta ciro wayarta, da yatsu jiƙaƙƙu, ta kira da kanta.

"Waltraud Dengler ce. Na zuba guba a kwata, tana tafiya ƙorama. Ni na zuba. Ku zo tafkin Ottmar, don Allah ku zo da injin."

Kafin su shiga motarta jiniya ta tashi a saman ofishin ƙauye. Ba ta ko waiwaya ba.

Hanyar tafkin ba ta fi minti biyar ba, amma ranar ta yi mata tsawo. Gilashi ya yi hazo, ruwa na dukan rufin mota har ba sa jin juna. Ta danna lambar yayanta ta miƙa wa Herr Renz. Wayar a kashe. Ya sake kira. A kashe.

"Wane katako ne ke rufe mashigar?" ya tambaya da ƙarfi.

"Ban sani ba! Ya nuna min, ban kalla ba. Ce masa na yi na sani."

Da suka hau gadar katako ta leƙa ƙasa. Bututun na aman ruwa da ƙarfinsa, kumfa ya riga ya yi nisa a kan ƙoramar. Ta saki wani sauti da ba kuka ba, ba salati ba, ta ƙara taka mota.

A bakin tafkin Herr Renz ya faɗa cikin ruwa har cinya, da takalmansa da komai, yana lalube. Ya samu katakai a jingine da bango, ya samu tsagin da ake zura su. Na farko ya ƙi shiga, ya kumbura da laima. Frau Dengler ta durƙusa a cikin taɓo, da siket ɗinta na Asabar, ta riƙa dukan katakon da dutse har ya zauna. Suka rufe mashigar ƙorama, suka ruga suka rufe tsakanin tafkin sama da na tsakiya.

Amma kumfa ya riga su shiga na sama. Yana yawo a gefe-gefe.

"Wataƙila kaɗan ne ya shiga," ta ce. "Ko? Herr Renz, kaɗan ne ko?"

Herr Renz ya ƙura wa ruwan ido. Wani babban kifi ya taso sama yana buɗe baki, ya juya gefe, ya nutse, ya sake tasowa. Sai na biyu.

'Yan kwana-kwana suka iso su takwas. Ba wanda ya yi mata dariya. Biyu suka tafi toshe bututu. Sauran suka tayar da inji suna feshin ruwa sama a tafkuna biyu na ƙasa don ƙananan su samu iska. Mai gidan burodi, wanda shi ne shugabansu, ya sa aka cika manyan robobi da ruwan tankinsu, aka shiga kwaso iyayen da koma.

Frau Dengler na tsaye a bakin robobin tana ƙirgawa. Duk wanda aka sako sai ta sa hannu ta tallabe shi, tana yi masa magana kamar jariri. Wani ya motsa jela, wani ya kwanta a tafinta bai sake motsi ba.

Shugaban ya zo kusa da ita yana share ruwa a fuska.

"Frau Dengler, ƙarfe nawa kika gane?"

Herr Renz ya sunkuyar da kai.

"Don in rubuta a rahoto ne," ya ce.

"Biyu saura kwata."

Ya dubi agogonsa, ya dube ta, ya rubuta.

Sai wajen ƙarfe biyar aka tabbatar ƙoramar ta wanke, aka ɗaga katakai. Ƙananan sun tsira, in ban da 'yan kaɗan. Cikin iyaye arba'in da ɗaya kuwa, huɗu ne suka kai yamma da rai.

Washegari Lahadi, lokacin ziyara, kamar yadda ita kanta ta ba ni labari daga baya, ta shiga ɗakin da Ottmar yake kwance. Ta zo da kek ɗin da yake so, ta ajiye a kan tebur, ta kasa zama. Shi kuwa fuskarsa a sake, aiki ya yi kyau, har ya fara takawa da sanda.

"Traudel! Ya mutanena? Jiya da na ji ruwan nan na ce to, yau suna biki."

"Yaya..."

Ya dube ta sosai. Murmushin ya tafi.

Ta faɗa masa komai a tsaye. Ba ta rage ba, ba ta ɗora wa kowa ba. Jarka, kwata, tamfol, katakai. Sannan ta zo kan adadin iyayen da suka rayu.

"Huɗu, Yaya."

Ya juya fuska wajen taga. Ya daɗe a haka, hannunsa na murza gefen bargo. Ta ga haƙarƙarinsa na ɗagawa da sauka. Ita kuwa da shirin ya yi mata ihu ta zo.

"Da ruwa bai sauko ba tukuna," ya ce a hankali, bai juyo ba, "kin san inda kwatar take zuwa?"

"Herr Renz ya faɗa min."

"Kafin ruwan da minti nawa?"

"Arba'in."

"Me kika yi da su?"

"Na hana shi kira. Na ji kunyar mutane."

Sai a lokacin ya juyo. Idanunsa sun yi ja, amma muryarsa ba ta tashi ba.

"Gubar ba ki sani ba, Traudel. Wannan kowa zai iya yi, na yafe tun kafin ki gama faɗa. Amma minti arba'in ɗin nan, da saninki kika kashe su. Minti biyar ya ishi yaran nan su toshe bututun."

Ta fashe da kuka, irin wanda ban yi zaton tana da shi ba. Ya bar ta ta yi. Da ta lafa ya miƙa hannu ya dafa nata, don ƙanwarsa ce, ba shi da wata.

"Sati uku zan ƙara kafin in iya sauka can," ya ce. "In kin koma, ki kai wa Herr Renz makullin wurin tafkunan. Ki ce ina roƙonsa ya kular min da huɗun nan."

"Yaya, ni zan iya..."

"Ki kai masa, Traudel."

Da yammacin ranar ina shanya a baranda na gan ta ta sauko. Ta tsaya a ƙofar ɗakin ƙasa, makulli a hannu, ta fi minti biyu ba ta ƙwanƙwasa ba. Sannan ta ƙwanƙwasa.

Darasi: Kwatar ƙofar gidanka ba nan ta ƙare ba, tana da inda take zuwa, kuma a can akwai mai sha, mai wanka, mai kamun kifi. Ruwan wanki, baƙin mai, ragowar fenti, maganin feshi, duk abin da ka bari a ƙasa, ruwan sama zai kai wa wani. Ka share maimakon ka kora da ruwa, ka tambaya kafin ka zubar, kada ka raina maƙwabcin da hanyarsa ta bambanta da taka. In kuma ka riga ka yi kuskure, ka yi magana tun ana iya gyarawa, don kunyar minti kaɗan ba ta kai asarar amanar da aka ba ka ba. Ku tura wa 'yan gidanku da maƙwabtanku, musamman yanzu da hadari ke haɗowa.